Gilashin Kanti da Cincirindon Biki: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Ɗaukar Hoto a Titi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyon ɗaukar hoto a titi suka fi yi mini idan zance ya biyo ta kan gilashin kantuna da tarukan biki. Wasu sun ci dogon bayani, wasu layi biyu ya ishe su.

Me ya haɗa gilashin kanti da taron biki? Ai ba su yi kama ba.

A ido ba su yi ba. Ɗaya yana tsaye shiru, ɗayan kuwa kiɗa da ihu da turereniya. Amma dukansu an shirya su ne don a kalla. Mai kanti ya jera kaya, ya kunna fitila, ya sa wa mutum-mutumi riga don mai wucewa ya ja birki. Masu biki sun yi ado sun fito fili don jama'a su zuba musu ido. Idan abin da aka shirya kaɗai ka ɗauka, talla ka yi wa mai kanti kyauta, ko kuma ka maimaita hoton da mutum dubu suka ɗauka a wayoyinsu a ranar. Hotonka yana wurin mai kallon: matar da ta tsaya gaban rigar da ba za ta saya ba, yaron da ya hau wuyan babansa don ya hango masu rawa amma barci ya kwashe shi. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga nan suka tsiro.

Wa ya fara ɗaukar gilashin kanti da muhimmanci?

Sunan da ake fara ambata shi ne Eugène Atget, Bafaranshen da ya shafe kusan shekara talatin yana yawo a birnin Faris da ƙatuwar kyamarar katako mai ƙafa uku da farantan gilashi. Shi bai ɗauki kansa gwani ba. Cewa yake yi kayan aiki yake sayar wa masu zane da gidajen adana tarihi. Wajen 1925 ya ɗauki gilasan shagunan tufafi a titin Gobelins, inda mutum-mutumi sanye da kwat suke murmushi, bishiyoyi da gine-ginen tsallaken titi kuma suka kwanta a kan ƙirjinsu. Maƙwabcinsa Man Ray, wanda shi ma mai ɗaukar hoto ne, ya sa an buga wasu hotunansa a mujallar masu fasahar mafarki a 1926, Atget kuwa ya ƙi yarda a sa sunansa. Ya rasu a 1927 kusan ba wanda ya san shi. Berenice Abbott, Ba'amurkiyar da ta taɓa yi wa Man Ray aiki, ita ta sayi kaso mai yawa na abin da ya bari, ta riƙe shi shekara arba'in har gidan adana fasaha na MoMA da ke Niyok ya karɓa a 1968.

Duk sanda na ɗauki abin da ke cikin gilashi, titi ne yake fitowa. Yaya zan kawar da wannan inuwar?

Fara da sanin dalili. Gilashi yana barin yawancin haske ya wuce, amma idan ka fuskance shi kai tsaye yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100. Kana karkacewa gefe, abin da yake mayarwa yana ƙaruwa, har ya zama kamar madubi. Da rana titi ya fi cikin kanti haske ninkin ba ninkin, shi ya sa wannan ɗan kason yake rinjayar kayan da ke ciki.

Dabara mafi arha ita ce ka manna bakin kyamara da gilashin, ka kare gefe da tafin hannu ko hula. Akwai murfin roba da ake ɗaura wa idon kyamara, wato gilashin gabanta da haske ke shiga ta cikinsa, don wannan aikin, ba ya ƙarzar gilashi. Baƙar riga ma tana taimakawa, domin fara tana haska kanta a cikin hoton. Sai kuma matacin haske da ake kira CPL, wanda ake murɗa shi a gaban idon kyamara har inuwar ta dushe. Amma kar a ruɗe ka: ba ya aiki idan kana tsaye ɗoɗar gaban gilashin. Ya fi ci idan ka karkata kamar digiri 35 daga fuskar gilashin, kuma yana cinye haske sosai, har kyamara ta nemi ninki uku ko huɗu na abin da take buƙata a da. Da dare ajiye shi a aljihu.

To ke nan kullum sai na kawar da ita?

A'a, kuma a nan ne nake saɓa wa yawancin masu koyarwa. Idan ba aikin talla aka ba ka ba, inuwar ita ce rabin dukiyar. Da ita kake haɗa duniya biyu a hoto ɗaya ba tare da kwamfuta ba: na ciki da na waje, mai tsada da mai wucewa a ƙafa.

Ga yadda abin yake. Inuwa tana fitowa da ƙarfi a inda cikin kantin yake da duhu, tana ɓacewa a inda yake da haske. Idan mutum-mutumin yana sanye da baƙar kwat, to kwat ɗin nan ta zama allo, duk wanda ya gifta a titi zai bayyana a kanta. Na taɓa tsayawa kusan minti arba'in gaban wani shagon kayan amare saboda wannan. Farar rigar ta cika tsakiya, gefenta kuma labule ne mai duhu. Motoci suka yi ta wucewa a cikin labulen, ba wadda ta yi mini. Can sai ga wata dattijuwa da leda biyu a hannu, ta tsaya tana gyara takalmi, ta ɗago kai daidai kafaɗar amaryar roba. Sau biyu na latsa. Na farko idonta a rufe.

Abu guda da ke rikita sababbi: inuwar ba a jikin gilashin take ba. Idan kana mita ɗaya daga gilashi, mutumin da kake gani a ciki kuma yana mita biyar daga gilashin, to a wurin kyamara yana nisan mita shida. Dole ka zaɓi abin da zai fito tas: rubutun da ke jikin gilashin, kayan ciki, ko mutumin titi. Kyamara idan ka bar ta da zaɓi, ƙurar gilashin za ta kama. Ko ka saita da hannu, ko ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11 (lambar tana girma, ƙofar tana ƙara tsukewa) don biyu daga cikin ukun su fito.

Wane lokaci ya fi?

Minti ashirin zuwa talatin bayan faɗuwar rana. An kunna fitilun kanti, sama kuma ba ta gama duhu ba, sai hasken ciki da na waje su zo kunnen doki. Kafin nan titi ne ke danne kanti, bayan nan kanti ne ke haɗiye titi. Ranar da aka yi ruwa kuma riba biyu ce, domin kwalta ma ta zama madubi. Saul Leiter ya yi shekaru a unguwarsa a Niyok yana ɗaukar mutane ta bayan gilashin da raɓa ta lulluɓe, jar lema a nan, rawayar tasi a can, tun shekarun 1950 lokacin da manyan masana ke yi wa hoto mai launi kallon kayan talla.

Wasu baƙaƙen layuka suna ratsa hotunana na dare. Kyamarar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Fitilun LED da allunan talla suna kyaftawa da saurin da ido ba ya gani, bisa bugun wutar lantarki, wanda yake 50 a daƙiƙa a wasu ƙasashe, 60 a wasu. Sauko da saurin ƙiftawar kyamara zuwa 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa, ko 1/120 da 1/60 a inda ake amfani da 60. Idan ka saita kyamara ta ɗauka a shiru, koma saitin da take ƙara idan ta ɗauka, yawanci layukan za su tafi.

Ni kaina ina fitowa a gilashin.

Ko ka matsa gefe, ko ka karɓi abin hannu biyu. Vivian Maier, mai rainon yara da ta zauna a Shikago, ta ɗauki kanta a gilasan kantuna sau ba adadi, fuska a ɗaure, kyamarar Rolleiflex a ƙirji. Ba wanda ya san girman aikinta sai da aka yi gwanjon kayanta a 2007, shekara biyu kafin rasuwarta. Lee Friedlander ma ya mayar da inuwarsa abokiyar tafiya. Akwai wata fa'ida kuma: jikinka yana tare hasken titi, don haka a cikin surarka ne kayan kantin suke fitowa fes.

Zan iya ɗauka daga cikin kantin?

Da izinin mai shi, domin ciki ba titi ba ne. Kuma ya cancanci wahalar tambaya. A 1948 Robert Doisneau ya ɓoye kyamara a cikin wani shagon kayan tarihi a Faris, inda aka rataye zanen wata mace ba tufafi a gefen gilashi, ya zauna yana ɗaukar fuskokin masu wucewa. Wanda ya fi shahara shi ne na mata da miji: tana nuna masa wani zane tana bayani, shi kuwa ya saci kallon wancan ta wutsiyar ido.

Ko daga waje ma, wasu masu kanti ba sa so. Wani ya taɓa fitowa ya tare ni yana zargin ina kwafar farashinsa don in kai wa abokin gasa. Na juya masa bayan kyamara, ya ga hoton wani tsoho ne da sanda, kayansa ma ba su fito sosai ba. Ya koma ciki yana ƙunƙuni, ina jin rashin fitowar kayan ne ya fi ba shi haushi. Shagunan gwal da bankuna kuwa ka ba su tazara, masu gadinsu ba sa jiran bayani.

Sai na sayi babbar kyamara?

Ba dole ba. Waya tana yi, musamman da rana, kuma ba mai tsarguwa da ita. Idan za ka saya, nemi ƙarama mai ido ɗaya, 28 ko 35 ko 50 milimita. Wannan sana'a ma ƙaramar kyamara ce ta raya ta, tun da Leica ta shiga kasuwa a 1925.

Na je biki na dawo da hotuna, duk tarin kawuna ne. Ina kuskuren?

Ka ɗauki taro ne, ba ka ɗauki kowa ba. Ido yana buƙatar inda zai sauka kafin ya fara yawo. Nemi mutum ɗaya da ya bambanta: kowa na kallon gabas shi yana kallon yamma, kowa na dariya ita tana neman ɗanta, kowa ya ɗaga waya shi ya rungume hannu. Ka kafa hoton a kansa, sauran jama'a su zame masa bango.

Ranar 12 ga Mayu 1937 aka naɗa Sarki George na Shida a Landan, wata jaridar Faransa ta tura Henri Cartier-Bresson. Bai kawo hoton sarki ba. Ya juya wa jerin gwanon baya ya fuskanci talakawan da suka kwana a titi suna jira. A dandalin Trafalgar ya ɗauki mutane jere a kan dakali sun miƙa wuya, a ƙarƙashinsu kuma wani bawan Allah ya miƙe a kan tarin jaridu yana sharar barci. Hotunan karusar sarki na ranar sun cika ɗakunan ajiya, amma wannan ne ake ta bugawa.

Ka kuma duba gefunan hoton kafin ka latsa. A cikin taro, abin da ke kashe hoto yawanci ba a tsakiya yake ba: rabin fuska a kusurwa, gwiwar hannu da ta kutso, sandar fitila da ta tsiro a kan wani.

Ina ya kamata in tsaya?

Ba inda sauran masu kyamara suka taru ba. Je da wuri, awa biyu kafin a fara, ka bi hanyar da za a bi, ka ga inda rana za ta kasance. Kwana ta fi miƙaƙƙen titi, domin a nan jerin gwano ke rage sauri, mutane su juyo da fuska. Ka samu bango mai kyau da haske mai kyau ka tsaya, taron zai zo ya same ka. Mai bin taro a guje ƙeya kawai yake ɗauka.

Wurare biyu da ake rainawa su ne inda ake shiri da inda ake watsewa. A lungun baya ne za ka ga mai rawa ya cire abin rufe fuska yana shan ruwa, ko uwa tana ɗinke rigar 'yarta da allura a baki. Bayan an tashi kuma ga masu shara, ga takalmi wari ɗaya, ga mai kayan sarki zaune a bakin titi yana jiran bas. Cristina García Rodero ta yi kimanin shekara 15 tana zagaya bukukuwan ƙauyukan Sifaniya kafin ta fitar da aikin a 1989, kuma da yawa daga hotunanta masu ƙarfi a irin waɗannan gefunan ta same su.

Idan yawan jama'ar kake son nunawa, hau sama: bene, gada, matakala. Haka Weegee, mai ɗaukar hoton jarida, ya yi a bakin tekun Coney Island da ke Niyok a 1940, ya ɗauki dandazon da ya rufe yashi har ƙarshen gani, na gaba suna ɗaga masa hannu.

Wane saiti zan yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya, ka gama saiti kafin ka shiga. Da rana: f/8, saurin 1/250 ga masu tafiya, 1/500 ko fiye ga masu rawa da tsalle, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar ta ta zaɓa. Tsofaffin hannu suna kashe saitin nisa na kai tsaye su kafa shi da hannu. A kyamara mai cikakken firam, wato mai babban farantin kama haske, ido mai milimita 35 a f/8 idan ka kafa shi a mita 3, duk abin da ke tsakanin kusan mita 2 zuwa 7 zai fito. Ba jira, ɗagawa kawai da latsawa. Idan kuma motsin kake so ya nuna, sauka zuwa 1/15, ka jingina da bango, ka nemi mutum ɗaya da ke tsaye cak jama'a na kwarara ta gefensa.

Ba gara in tsaya daga nesa in yi amfani da dogon idon kyamara mai jawo abu kusa ba?

Ya fi sauƙi ga mai kunya, kuma yana matse taro ya yi kauri. Amma hoton yana fitowa da ƙamshin leƙe, mai kallo yana jin cewa ba ka cikin wurin. Mutane ma sun fi zargin wanda ya laɓe da doguwar kyamara a kan wanda ke tsakiyarsu yana gumi tare da su.

Filasha fa da dare?

A gilashi, a'a, farin tabo kawai za ka samu. A taro tana yi idan wurin ya riga ya cika da fitilu da hayaniya. Wurin jimami ko ibada, ko kusa da dawaki, kashe ta.

Doka ta yarda in ɗauki mutane ba izini?

Ya danganta da ƙasar, kuma ɗauka daban, wallafawa daban. A Amurka da Birtaniya, galibi kana da damar ɗaukar abin da ke fili a bainar jama'a. Philip-Lorca diCorcia ya kafa fitila a ɓoye a dandalin Times da ke Niyok yana ɗaukar fuskokin masu wucewa, ɗaya daga cikinsu ya kai shi kotu, aka kori ƙarar a 2006. A Faransa kuwa mutum yana da haƙƙi mai ƙarfi a kan surarsa, wallafawa ba izini tana iya jawo shari'a. Jamus tana da doka tun 1907 da ta ce sai da yardar mutum za a yaɗa hotonsa, amma ta ware tarurruka da jerin gwano, muddin taron ne abin nunawa. A Japan da Koriya ta Kudu, wayoyin da ake sayarwa suna ƙara idan an ɗauki hoto, don hana ɗauka a sace. Kusan ko'ina, sa fuskar mutum a tallar kaya ba takardar yardarsa laifi ne. Bikin da ake shiga da tikiti kuma yana da nasa sharuɗɗan, karanta bayan tikitin.

Idan wani ya ce in goge?

Ni gogewa nake yi, ko da doka tana bayana. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: murmushi da ɗaga kai bayan ka latsa suna kashe yawancin rigima tun ba ta tashi ba. Kar ka ɓoye kyamara kamar ɓarawo, kar ka yi ƙarya idan an tambaye ka. Yara kuwa, ka nemi idon iyayensu tukuna. Wanda ya bugu, ko ya faɗi, ko tufafinsa suka yaye a turereniya, ka tambayi kanka ko za ka so a yi wa ɗan'uwanka haka.

Yaya zan kare kayana, da ni kaina?

Kayan su ne mai sauƙi. Kyamara ɗaya, igiya naɗe a wuyan hannu, jaka a gaba saboda 'yan sane, batir na biyu a aljihun ciki. Kar ka canza idon kyamara a cikin ƙura. A bikin Holi na Indiya garin launi yana shiga duk wata kafa, a Songkran na Tailan ruwa ake watsawa ba a tambaya, don haka leda da salatif, ko jakar da ruwa ba ya shiga.

Jikinka ne abin tsoro, domin mai kallo ta kyamara ba ya lura da abin da ke faruwa a bayansa. Masana cunkoso sun ce idan aka kai mutum biyar a murabba'in mita ɗaya an shiga haɗari. Alamar a jiki take: ka kasa ɗaga hannu zuwa fuska, ko ka ji taro yana kai ka inda ba ka nufa ba. A nan hoto ya ƙare. Ɗaga hannuwa gaban ƙirji don ka samu wurin numfashi, kar ka sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi, ka riƙa zamewa a karkace zuwa gefe. Mutum 21 suka mutu a bikin kiɗa na Duisburg a Jamus a 2010, a hanyar shiga mai ƙunci. Fiye da 150 suka mutu a wani siririn lungu a Itaewon da ke Seoul a Oktoban 2022. Kana isa wuri, fara neman mafita kafin ka nemi haske.

Mai launi ko baƙi da fari?

Idan launin ne labarin, bar shi. Idan jar ledar da ke kusurwa tana janye ido daga fuskar da ka ɗauka, cire shi. Hasken kanti da na titi sukan saɓa, ɗaya rawaya ɗaya shuɗi, kuma sau da yawa wannan saɓanin ne daɗin hoton, kar ka yi saurin gyara shi.

Na dawo da hoto ɗari takwas. Yaya zan zaɓa?

Kar ka zaɓa a daren. Kiɗan yana kunnenka har yanzu, za ka ga kowane hoto da daɗin da ka ji a wurin, wanda mai kallo ba zai ji ba. Bar su mako ɗaya ko biyu. Zagayen farko ka yi shi da sauri, kana ware wanda ya tsayar da kai kawai. Daga ɗari takwas wataƙila talatin su tsira. Buga su ƙanana ka baza a ƙasa, ka cire duk wanda sai ka yi bayani kafin a gane shi. Idan biyu sun yi kama, ɗaya zai tafi, ko da ka sha wahala a kan dukansu. Waɗanda suka kusa amma ba su kai ba, kar ka goge su: rubuta wurin da lokacin, domin mai kanti zai canza kayan gilashinsa nan da 'yan makonni, bikin kuma zai sake bi ta wannan kwanar baɗi.